Wace kalmar Hausa ce ta dace da "decoherence"?

1/ Malamai da ɗalibai masu bayanin fiziks da Hausa, ina so mu tsaya a kan kalma ɗaya ta fassara "decoherence", wato yadda ƙanƙanin abu ke rasa halinsa na kasancewa a yanayi biyu lokaci guda saboda cuɗanya da muhalli. Shawarata ita ce "zurarewar jituwa".

2/ A duniyar kwantum, wato ta abubuwa mafiya ƙanƙanta, ilektron (ƙanƙanin abu da ke cikin ƙwayar zarra) kan kasance a yanayi biyu lokaci guda, muddin igiyoyin yanayin biyu (masu hawa da sauka kamar igiyar ruwa) na tafiya da taku ɗaya. Wannan tafiya tare ita nake kira jituwa. "Daidaito" kam ta yi faɗi, kuma lissafi ya riga ya ɗora mata kaya.

3/ Wasu za su ce "rushewa" ko "lalacewa". Ban gamsu ba. Tun 1970 masanin fiziks Dieter Zeh, a Heidelberg ta Jamus, ya nuna cewa babu abin da ke zaune shi kaɗai. Iska na bugunsa, haske na taɓa shi, kowace taɓawa kuma tana awon gaba da ɗan labarin halin da yake ciki. Jituwar ba mutuwa ta yi ba, bazuwa ta yi cikin muhalli. Kamar ruwan randa mai tsaga ne: ruwan yana nan cikin ƙasa, amma wa zai iya kwaso shi?

4/ Saurin abin shi ne ya fi ɗaure kai. Bisa irin lissafin da Zeh da abokin aikinsa Joos suka yi a 1985, ƙwayar ƙura guda a cikin iskar ɗaki tana rasa jituwarta a wajen 10⁻³¹ na daƙiƙa. Ko an kai ta can sararin samaniya, ragowar hasken farkon halitta ya isa ya zurar da jituwarta cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ba mu taɓa ganin kujera a wuri biyu ba.

5/ A 1996 masanin fiziks Serge Haroche da abokan aikinsa a Paris suka ga abin na faruwa sannu a hankali a ɗakin gwaji, Haroche kuma ya samu lambar Nobel a 2012. Rushewa farat ɗaya ce. Zurarewa kuwa tana da sauri da jinkiri, ana iya auna ta.

6/ Ga masu ƙera kwamfutar kwantum, tsawon lokacin da jituwa ke ɗorewa, wanda suke kira T2, sai mu ce masa "wa'adin jituwa". Kyubit shi ne ma'ajiyar bayani mafi ƙanƙanta a irin wannan kwamfuta. Wanda aka gwada a kamfanin NEC na Japan a 1999 wa'adinsa bai wuce 'yan nanosakan ba (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa). Yau ana samun ɗaruruwan maikrosakan (kowane ɗaya nanosakan dubu ne), bayan an sanyaya na'urar zuwa dab da ƙarshen sanyi.

7/ Na san "yoyon jituwa" ta fi sauƙin faɗa, sai dai yoyo na sa mutum ya hango huda guda da za a liƙe, alhali nan ta ko'ina ake zubar. 'Yan uwa na Nijar da kuka karanta fiziks da Faransanci, ya "zurarewa" ta zauna a kunnenku?