An saka sunana a masu kula da ɗakin Lassa, turenin kwana ɗaya kacal, ya zan yi?

SabuwarNas:
Salam jama'a. Dan Allah masu aikin asibiti a taimaka min da shawara. Ni nas ce, ban cika shekara biyu da fara aiki ba, a wani asibitin ƙaramar hukuma nan jihar Bauchi. Jiya matiron ɗinmu ta kira ni wai sunana na cikin waɗanda za su riƙa shiga ɗakin keɓewa in an kawo mai zazzaɓin Lassa tunda rani ya shigo. Turenin ɗin da aka mana kwana ɗaya ne, an haska mana bidiyo, mutum ɗaya ya saka kayan kariyar muna kallo, aka raba lemo da biskit aka watse. Wallahi ko zif ɗin rigar ban taɓa ba. Ga yara biyu ƙanana a gida. In ce a cire sunana ne ko kuwa?

AntinWod:
Ƙanwata tsoron nan naki shi ne zai tsare ki, wadda ba ta tsoro ita nake ji wa. Amma kallo ba koyo ba ne. Saka kayan ba wuya, wajen cirewa ake mutuwa, lokacin kin jiƙe sharkaf da zufa, tabarau ya yi hazo, kin matsu ki sha iska, sai hannu ya kai fuska ba ki ma sani ba. Shi ya sa ba a cirewa mutum shi kaɗai, dole wata ta tsaya gefe tana faɗa miki ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da kika cire sai kin wanke safar hannun da ke hannunki kafin ki taɓa na gaba.

Ga dabarar da muke yi ba sai da kuɗi ba. Ki nemi riga ɗaya ta gwaji, ki saka komai, a shafe miki gaban rigar da safar hannu da bula ta wanki, sai ki cire. Duk inda kika ga shuɗi a wuyanki ko yunifom, to da jinin mara lafiya ne. Ni ranar farko har bayan kunnena na samu, kunya ta ishe ni, ga shekara goma sha a aiki. Ki maimaita har sai kin fita fes sau uku a jere. Sannan in kina da juna biyu ki faɗa wa matiron yau ɗin nan, Lassa ba ta yi wa mai ciki da daɗi, musamman in cikin ya tsufa.

TsohonMalaminAsibiti:
'Yata, ni a ganina ɗakin keɓewa ya fi ko'ina aminci, don a can kin san da wa kike. Haɗarin yana wajen ganin likita da ɗakin haihuwa da tiyata, inda aka ɗauka maleriya ce ko taifod, ana ta ɗura magani kwana huɗu zazzaɓi bai sauka ba, kowa na taɓa jini hannu tsirara. Haka Kano ta rasa likitoci a Janairun 2020 bayan an yi wa mai ciki aiki. Cutar ma ai da ma'aikatan lafiya ta fara suna, a 1969 nas-nas 'yan mishan ta kashe, ta farkon daga garin Lassa na Borno aka kai ta Jos.

Ki tuna Ebola ta 2014. Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar daga Laberiya, ya sauka Legas 20 ga Yuli, Dakta Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce ta hana a sallame shi daga asibiti duk da matsin da aka mata. Ita ma ta rasu, amma mutum 20 kawai suka kamu a ƙasar nan, 8 suka mutu. Zargi da wuri ne ya cece mu. Duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a ware shi a gefe a sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, ko a kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a 6232.

ɗanLab:
Baba ya gama magana. Ƙari kan kulorin, ruwan bilicin kashe ƙwayoyin cuta, don nan ake shirme: 0.5 cikin ɗari na ƙasa da gado da jini da amai, 0.05 na hannu. In bilicin ki na 3.5 ne, awo 1 a ruwa awo 6 shi ke ba da 0.5 ɗin, amma ki duba jikin robar tukun. Kullum a haɗa sabo, rana na kashe shi. Kuma dan girman Allah a daina mayar wa allura murfi. In ta soke ki kar ki ɓoye don gudun faɗa, kwana 21 za a sa miki ido, ribabirin kuma, maganin da ake ba mai Lassa, da wuri yake aiki.

SabuwarNas:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na sayo bula tun ɗazu lol, mu huɗu za mu gwada bayan diwtin safe ranar Laraba. Matsalar mai sito ya ce rigunan a ƙirge suke, sai matiron ta sa hannu zai ba da ko ɗaya. Gobe zan same ta.