Don Allah shawara kan wayoyin ɗalibai a babban aji

Salam 'yan uwa malamai. Ina koyarwa a wata jami'a nan Jos, ɗaliban ajina sun haura 400, na baya ko muryata basa ji, sai latsa waya kawai. Nace bari wayar nan ta yi mana amfani, na haɗa tambayoyi biyar a Google Forms na tura musu a guruf ɗinmu na WhatsApp, wallahi rabi basu shiga ba, wannan ba data, wancan caji ya ƙare, sabis kuma a cikin hol ɗin sai a hankali. Abin yana damuna sosai, yaran nan suna son karatu. Akwai wanda ya san hanyar da bata cin data? Ko in haɗa su biyar-biyar a waya ɗaya ne?