Tsatsa ce ta ci gadar Miniyapolis, ko tun a takarda aka kashe ta?

Direba: Ni dai har gobe ina kan bakana, gada ba ta faɗuwa haka siddan, sakaci ne. Ku dubi ta babbar hanyar I-35W a Miniyapolis ta Amurka, wadda ta rufta cikin kogin Misisipi ranar 1 ga Agustan 2007, wajen ƙarfe shida na yamma, daidai lokacin tashi daga aiki. Mutum 13 suka rasu, 145 suka ji rauni. Kafin a gama tsamo motoci, jaridu sun tono cewa tun 1990 aka sa ta a jerin gadoji masu rauni. Shekara 17 ana kallonta! In wannan ba sakaci ba ne, mene ne sunansa?

Injiniya: Malam Direba, ka ɗauko sandar da za a doke ka da ita. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta yi fiye da shekara tana aiki, ta fitar da rahotonta a Nuwamban 2008, kuma ba tsatsa ta kama da laifi ba. Akwai wasu faifan ƙarfe da ke riƙe mahaɗar ƙarafan gadar, waɗanda ake ɗaurewa da kusoshi. Kaurin wasunsu rabin inci ne, wato kusan rabin abin da ya kamata. Haka aka zana su, haka aka buɗe gadar a 1967. Da ciwonta aka haife ta.

Direba: To me ya hana ta faɗuwa shekara 40?

Injiniya: Kaya aka yi ta ƙara mata. A 1977 an ƙara kaurin kankaren samanta da kamar inci biyu, a 1998 aka ƙara shingaye. Ranar da abin ya faru kuma ana gyaran hanya, an rufe hannu huɗu cikin takwas, an jibge yashi da tsakuwa da injina a daidai saman mahaɗar da ta fi rauni. Jaki ne aka yi ta yi wa lodi har ya durƙusa.

Anti Malama: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi ta harbi a duhu a makonnin farko. Har kashin tattabaru an zarga, wai shi ya ci ƙarfen. Mutane na makoki, ana ba su labarin tattabara.

Tsohon Ɗan Jarida: Anti, a yi mana adalci. Ɗan jaridar da ke bakin kogi da yammacin nan, motar 'yan makaranta cike da yara na maƙale a gefen abin da ya rage na gada, iyalai na ta kiran waya ba a ɗauka, me kike so ya rubuta? Ya ce a jira wata 15? Abin da ke cikin takardun duba gadar shi aka buga, kuma ba ƙarya ba ne: akwai tsatsa, akwai tsagewa. Inda muke zamewa, mu da ke wannan sana'a, shi ne mu jera "an sami tsatsa" kusa da "gada ta faɗi", mu bar mai karatu ya ɗaura auren da kansa.

Anti Malama: To ai ɗaurin auren nan shi ne ya zauna a kan mutane. Ga Malam Direba nan shaida.

Direba: Anti, kin sa ni a tsakiya. Amma Injiniya, tsaya, ban sauka ba tukuna. Ba a sami hotunan da aka ɗauka a 2003 ba, waɗanda ke nuna faifan nan sun lanƙwashe?

Injiniya: An samu. Wannan kam ka kama ni.

Direba: Madalla. Ƙarfe ya lanƙwashe, an ɗauki hotonsa, an ajiye a fayil shekara huɗu. Wane ne kuma ya yarda a tara yashi a kai ba tare da an sake lissafi ba? Kai ka kira shi kuskuren zane, ni na kira shi sakaci.

Injiniya: Bambancin ba na suna ba ne kawai, ranka ya daɗe. A lokacin, masu duba gada tsatsa da tsagewa suke nema, don an ɗauka faifan mahaɗa sun fi sauran ƙarafan ƙarfi, ba a saba sake lissafinsu ba. Da an kankare tsatsar gadar nan tas an shafe ta da fenti, da raunin na nan. Shi ya sa bayan haɗarin aka ba da shawarar a koma a auna irin waɗannan faifai a sauran gadoji masu irin ginin. In ka ce tsatsa ce, ka tura mutane neman ɓarawo a gidan da bai shiga ba.

Ɗalibi: Gafara dai manya. Ta Jenowa a Italiya fa, wadda ta kashe mutum 43 a Agustan 2018? Ita ma da farko an yi ta maganar tsawa, don ana tafka ruwa.

Injiniya: Ita kam, ƙanena, Malam Direba zai ci ni. Wayoyin ƙarfen da ke cikin kankaren da ke rataye da ita tsatsa ta cinye su, kuma an daɗe da sanin suna lalacewa.

Direba: A rubuta, ɗaya da ɗaya.

Tsohon Ɗan Jarida: Ka ga an fara buga kanun labari tun ba a tashi wasa ba.