Na zama shugabar sashe, amma ba ni da majalisa: wace ƙungiya zan shiga?

Maman Sadiƙ, Kano

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni akanta ce, shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, kuma a watan Sha'aban da ya wuce aka ba ni shugabancin sashen kuɗi. Na gode wa Allah, sai dai tun da na hau kujerar na ga abin da ban taɓa lura da shi ba lokacin da nake ƙasa. Mu tara ne shugabannin sassa, ni kaɗai ce mace, kuma yawancin abin da ake kawowa taron ranar Litinin an riga an gama maganarsa a waje, ko a hanyar dawowa daga masallaci, ko wurin ɗaurin aure, ko a majalisar da suke zama bayan Magariba. Ba na zargin kowa da mugun nufi, haka zaman maza yake, amma a kullum ni ce ta ƙarshen jin labari. Kwanaki aka sauya tsarin biyan 'yan kwangila, abin da ya shafi sashena kai tsaye, ban sani ba sai da takarda ta iso teburina.

Wata ƙawata da ke Legas ta ce in je taron shekara na WIMBIZ, ƙungiyar mata shugabanni a kasuwanci da aikin gwamnati, amma da na haɗa kuɗin rajista da na jirgi da na masauki, sai na ga ya kusa cinye albashina na wata. Ina cikin zaurukan WhatsApp na mata ma'aikata har huɗu, abin da ake turowa kuwa bai wuce gaisuwar Juma'a da tallar atamfa ba. Shin wace ƙungiya ce za ta amfane ni da gaske, kuma ta yaya mace mai aure da 'ya'ya uku za ta sami abin da maza ke samu a majalisa?

Hajiya Babba, Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya taya ki riƙo. Na yi shekara talatin da biyar a aikin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma abin da kika faɗa na sha shi har na ƙoshi.

Ki fara da gidanku, wato ƙungiyar sana'arki. Idan ke 'yar ICAN ce, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya, akwai reshe a Kano, kuma akwai ƙungiyar mata akantoci, SWAN, wadda ta fito daga cikinta. Kada ki raina wannan hanya. Olutoyin Olakunri, wadda ta shugabanci ICAN a 1994, ta cikin sana'a aka san ta har aka miƙa mata ragama. Lauyoyi mata suna da FIDA, wadda reshenta na Nijeriya ya kafu tun 1964, likitoci mata suna da MWAN, 'yan jarida suna da NAWOJ. Amfanin irin waɗannan shi ne duk wadda za ki haɗu da ita ta san ciwon da ke damunki, ba sai kin yi dogon bayani ba.

To amma ga inda mata da yawa ke yin kuskure. Sai su biya kuɗin shekara, su ɗinka anko, su zo liyafa, su zauna a baya, a tashi su tafi, sannan su ce ƙungiya ba ta da amfani. Ai katin zama mamba ba ya magana. Ki nemi aiki a ciki, kuma ki nemi wanda kowa ke gudu. Ni sakatariyar wani ƙaramin kwamiti na yi shekara uku, ina rubuta bayanin taro, ina bin mutane da wasiƙu, ba a biyana ko kwabo. A nan ne wata babbar sakatariya ta ga yadda nake aiki, kuma bayan shekaru, da aka zo neman wanda zai riƙe wani sashe, ita ce ta ambaci sunana a ɗakin da ba na ciki. Wannan shi ne abin da maza ke yi wa juna a majalisa. Hirar da shayin duk ado ne, ainihin abin shi ne a sami wanda ya ga aikinki da idonsa, kuma yana da bakin magana a inda ake yanke hukunci.

Game da ofis kuwa, ba sai kin zauna a majalisarsu ba, kuma ban ba ki shawarar ki nemi hakan ba. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu daga cikin dattawansu masu mutunci, ki riƙa shiga ofishinsu da rana, ƙofa a buɗe, ranar Alhamis ko Juma'a da safe, ki tambaye su abin da ke tafe a taron Litinin da ya taɓa kuɗi. Idan kika yi haka sau da yawa, da kansu za su fara kiranki kafin su gama magana, domin babu mai son a rushe masa shiri a gaban shugaba saboda lissafi bai fita ba.

Injiniya Ummi, Abuja

Na yarda da Hajiya a kusan komai, amma da izininta zan ɗan kare Legas. Ni 'yar APWEN ce, ƙungiyar mata injiniyoyi da Injiniya Joana Maduka ta jagoranci kafawa a 1982, kuma na amfana da ita ƙwarai. Sai dai ƙungiyar sana'a tana da iyaka, domin a cikinta injiniya za ki gani sai injiniya, alhali wanda ke naɗa mambobin hukumar daraktoci ba lalle ne ɗan sana'arki ba ne. WIMBIZ, wadda aka kafa a Legas a 2001, ta haɗa mata daga banki da masana'antu da aikin gwamnati wuri guda, kuma tana horar da mata kan zama daraktoci. Ibukun Awosika, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ita ce mace ta farko da ta shugabanci hukumar daraktocin First Bank.

Akwai kuma abin da ya kamata mu matan Arewa mu faɗa wa kanmu. A 2012, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, bankuna sun ɗaukar wa kansu burin bai wa mata kashi 30 cikin 100 na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙamai. Idan irin wannan ƙofa ta buɗe, masu zaɓe sunayen da suka sani suke kira, kuma idan ba a taɓa ganin fuskarki ba, cancantarki tana nan a Kano ba wanda ya san da ita. Na je taron sau ɗaya, kuma abin da ya dame ni shi ne ƙarancinmu a ɗakin.

Shawarata, Yaya, kada ki biya daga aljihunki. Ki rubuta wa kamfaninku takarda cewa horo ne, kamar yadda ake tura maza kwas. Kafin ki tafi ki san mata uku da kike son gani da dalilin ganinsu, bayan kin dawo kuma ki ci gaba da tuntuɓarsu. Idan ba za ki iya wannan ba a bana, ki bari sai baɗi.

Malama Inno, Sakkwato

Ƙanwata, ina so in cire miki tunanin cewa wannan abu baƙo ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, wato mata jagorori masu koyarwa, ta sa musu malfa, su riƙa zuwa daga garuruwa suna ɗaukar karatu a wurinta, su koma su koyar da matan da ba su iya fita. Abin lura a tsarinta shi ne ta gina shi daidai da rayuwar mata, ba ta jira sai rayuwarsu ta sauya ba. A zamaninmu ma, Jam'iyyar Matan Arewa ta kafu a 1963, FOMWAN kuma, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce amirarta ta farko, kuma makarantu da asibitocin da suka gina mata ne suka tsara kuɗinsu suka tafiyar da su. Akanta irinki, idan ta karɓi littafin kuɗin reshe ta gyara shi, ba za a manta da ita ba, kuma a can za ki tarar da alƙalai da likitoci da shugabannin makarantu.

Mu a nan mu bakwai ne, kowace tana shugabantar wani sashe a inda take aiki. Muna haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata, daga bayan Azahar zuwa La'asar, a gidan ɗaya daga cikinmu bi da bi, muna adashi, amma ƙa'idarmu ita ce kowane zama mace ɗaya za ta kawo matsalar ofis ɗinta a tattauna, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. Mazajenmu sun san gidajen, sun san lokacin, saboda haka ba a taɓa samun saɓani ba. Ki sanar da maigida tun farko, ki nuna masa su wane ne. Zaurukan WhatsApp ɗinki sun mutu ne domin an tara mutum ɗari biyu da ba su san juna ba, kuma ba wadda za ta faɗi sirrin aikinta a gaban taron da ba ta amince da shi ba.

Maman Sadiƙ, Kano

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma. Mama Hajiya, na kira sakataren reshenmu yau da safe, ya ce kwamitin shirya horo na neman mutum, na ce a sa sunana. Takardar neman zuwa Legas zan rubuta ta idan an fara kasafin baɗi, tunda ta hannuna yake bi. Malama, na lissafa mata biyar da na yarda da amanarsu, amma biyu daga ciki suna aiki a kamfanonin da muke gogayya da su a kasuwa. Shin a naku zaman akwai irin wannan, kuma yaya kuke raba abin da za a faɗa da abin da amanar ofis ta hana?