Takin tumaki: in kai shi jigawa ko in sayar wa ƴan garka?

Telan Zariya:
Assalamu alaikum. Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Maiɗakina tana turka raguna balami don kasuwar Layya, kashinsu kuwa sharewa muke muna ɗurawa a buhuna, yanzu bayan ɗaki ba wurin aje ƙafa. Ina da gonar gado a ƙasar Dakoro, jigawa ce zalla, hatsi da wake muke sawa. Na yi niyyar kai takin can, sai Kawu ya aiko kada in kuskura, wai takin tumaki zafi gare shi, ƙone shuka yake. Ga ƴan garkar Jiratawa kuma har ƙofar gida suke zuwa neman saye. Can ana gudunsa, nan ana rububinsa. Wa ke da gaskiya?

Manomin Kornaka:
Wa alaikumus salam. Malam Tela, ka ji maganar kawunka, ya san ƙasarsa. Mu nan da ƙyar ruwan shekara ke kai milimita 400, alhali kudu wajen Madarunfa da Ɗan Isa ana haura 500. Jigawa kuma ba ta riƙe laima. Hatsin da ya sha taki da yawa tashi yake da gaggawa, ganye shar, kowa ya wuce sai ya yaba. To ganyen nan ruwa yake sha. Da an yi ɗaukewar ruwa ta sati biyu ko uku, shi ne zai fara naɗewa, na maƙwabcinka da bai ci komai ba yana nan tsaye da ƴan siraran ganyensa. Wannan ita ce ƙunar da tsofaffi ke faɗi. In kuma ɗanye ne ka haɗa shi rami ɗaya da iri, ba ma sai an yi fari ba.

Mu ba buhu muka saba da shi ba. Bayan an kwashe amfani ake shiryawa da Fulani su sauka a gonar da bisashensu, a ba su damman hatsi, su riƙa matsar da makwanci daga nan zuwa can. Kashi da fitsari duk a ƙasa suke sauka, gara ta yi aikinta tsawon rani. Kafin ruwan shuka ya sauka, takin ya huce. Gonar da aka kwana a cikinta ana ganin bambancinta har damana biyu, uku.

Hajiya Mai Zogale:
Ɗana, mu a gulbi ba mu san wannan tsoro ba, don ruwa a hannunmu yake, kuma ƙasarmu da laka a cikinta. Zogale yanka ake yi yana sake tohowa, in ba ka ciyar da shi ba ganyen sai ya ƙanƙance ya yi rawaya. Na ragon turke muka fi so. Dabbar da ta ci dusa da harawa, kashinta daban yake da na wadda ta wuni tana tsintar kara a daji, kuma bai cika kawo haki ba. Duk da haka ba ma zuba shi kai tsaye. Tsibi muke yi a inuwa, a yayyafa ruwa, a juya lokaci-lokaci. Ka cusa hannu cikin tsibin: in da ɗumi, da saura. Sai ya yi baƙi, yana murtsukewa tsakanin yatsu, warin fitsarin ya fita. Abin da ke ɓata mana rai da takin birni shi ne leda da yashi. Ka sayi buhu da nauyi, ka zazzage, rabi shara.

Malamin Gona:
Duka biyun sun faɗi daidai, kowa a wurinsa. A jihar Tawa kuma, wajen Illela da Badagishiri, wata hanyar ce: tassa. A faƙo ake haƙa ramuka da rani, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami, ruwan sama ya taru a ciki. Kada ka kwaikwaya a jigawa, iska za ta cike ramukan da yashi.

Shawarata, ka ruɓar da shi kamar yadda Hajiya ta ce, ka jira noman fari, ka sa cikin hannu ɗaya a gefen kowane gindi ka rufe da ƙasa. Ƙasarmu ta yashi sinadarin fosfor, ɗaya daga cikin abincin shuka, ta fi rasawa, takin gida shi kaɗai bai cika biya ba. In da hali, ka ƙara takin zamani mai suna 15-15-15 giram 6 a kowane rami lokacin shuka, ko wanda ake kira DAP giram 2, abin da yatsu uku za su ɗauka. Buhunan kashin nan kuma a ɗauke su daga rana. Sai ka yi lissafin mota, Maradi zuwa Dakoro ya fi kilomita 100.

Manomin Kornaka:
Malam, gindi-gindi a gonar jigawa aiki ne babba, kuma daidai lokacin da ƴan ƙwadago ke tsada. Gara Malam Tela ya zaɓi gefen da ya fi mutuwa, inda ƙuduji ya yi yawa, ya fara da nan.

Telan Zariya:
Na gode ƙwarai. Kuɗin motar ne ma ya tsaya mini. Ina ganin rabi zan kai, rabi a sayar, in maiɗakin ta yarda, don ta riga ta ce raguna nata ne, kashinsu ma nata.

Hajiya Mai Zogale:
To da ita zan yi ciniki. Ka ce mata ta tsince ledar, zan aiko yaro da amalanke ranar Juma'a.