Na harbe wanda ya cece ni a DayZ, ta yaya zan same shi?

Ɗan_Shara_Mansur ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai yau kwana tara, kuma na rasa wanda zan gaya wa, don a gidanmu da zarar na ce a gem ne abin ya faru, magana ta ƙare.

Ni haifaffen Makka ne, ina aiki a wani otal kusa da Harami, dawam ɗina yana ƙarewa ƙarfe 11 na dare. In na dawo na ci abinci sai in kunna kwamfutar da na saya a haraj, kasuwar gwanjo, in buga DayZ na awa biyu ko uku. Ga wanda bai san shi ba, jefa ka ake yi a bakin tekun wata ƙasa da aka ƙirƙira mai suna Chernarus, murabba'in kilomita 225, daga kai sai kayan jikinka da bandeji. Garuruwan cike suke da zombi, ga yunwa, ga ƙishirwa, ga sanyi, ga kuma sauran 'yan wasa da ba ka san zuciyarsu ba. Ranka ɗaya ne. In ka mutu, duk abin da ka tara ya tafi, ka koma bakin teku hannu rabbana.

Mako biyu da 'yan kwanaki da suka wuce na taso daga garin Berezino, ƙishirwa ta matsa mini na sha ruwan kududdufi, kwalara ta kama ni. Duk abin da na ci sai in amayar. Da ƙyar na ja jiki na kai famfon ƙauyen Gorka, na durƙusa ina sha, sai na ji takun mutum a bayana. Na waiga, ga wani riƙe da bindigar Mosin ya saita ni. Na ɗaga hannu sama, na ce masa da ɗan Turancina ba ni da komai. Bai ce uffan ba. Can sai na ji muryar ƙaramar yarinya ta makirfonsa tana cewa, "Baba, a ba ni ruwa," shi kuma ya ce, "Je ki wurin uwarki, ina zuwa."

Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Sabar da nake shiga, wato dandalin intanet da 'yan wasa ke haɗuwa, ta Turai ce, Rashawa da Jamusawa da Turkawa na saba ji. Na ce, "Kai! Bahaushe ne?" Ya yi dariya har sai da ya sauke bindigar, ya ce, "Ya zol, kai daga ina?"

Shi ya ba ni ƙwayar tetracycline, ya fasa mini gwangwanin wake da wuƙarsa, ya hura wuta a cikin wani gida muka zauna har amai ya tsaya. Ya yanka rigar ruwa mai ruwan ɗorawa ya yi mana ɗamarar hannu guda biyu don mu riƙa gane juna. Tun daga daren muka sa wa kanmu ƙa'ida, ƙarfe 12 a famfon Gorka. Dare shida muna haɗuwa. Hausarsa irin ta mutanen Sudan ce, da Larabci a cikinta. Ni ina ce masa Baban Yarinya, shi yana ce mini Ɗan Makka. Ban tambayi sunansa ba, ban karɓi lambarsa ba, kullum sai in ce gobe.

A dare na bakwai muka nufi sansanin sojoji na Stary Sobor. Duhu ya yi, ga ruwan sama. Ya miƙa mini Mosin ɗinsa ya ce in tsaya daga sama in tsare masa baya, shi zai shiga. Ya jima a ciki. Sai na ji harbi daga ɓangaren Novy Sobor, gabana ya faɗi. Ba a jima ba na hango mutum da hular kwano da kakin soja yana gudu ya nufo ni. Abokina koriyar rigar farauta ce a jikinsa lokacin da muka rabu. Ban yi magana ba, ban tambaya ba, na harba sau ɗaya, ya faɗi. Da na je na haska gawar, ga ɗamarar nan mai ruwan ɗorawa a hannunsa. Kayan soja ya samu a ciki ya canza. Ya taɓa gaya mini mako uku ya yi yana raye da wannan mutumin nasa, a ɗan lokacin da yake samu bayan yara sun yi barci.

Na kwashe kayansa na kai dajin bayan Gorka na binne. Tun daga ranar kowane dare ina zuwa famfo ƙarfe 12, bai zo ba. Abin da ke ci mini rai shi ne zai ɗauka da gangan na yi, don in mallaki bindigar da shi da kansa ya danƙa mini.

Tambayata biyu ce. Akwai hanyar da zan gano shi? Sannan don Allah, akwai haƙƙinsa a kaina?

Tsohon_Hannu_Hindawiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni tun 2012 nake cikin wannan gem, lokacin yana matsayin ƙari a kan wani gem mai suna Arma 2, wanda Dean Hall ɗan ƙasar New Zealand ya haɗa. Na saya da kamfanin Bohemia Interactive ya fitar da shi da kansa a Disambar 2013, ina nan kuma aka kammala shi a Disambar 2018. Abin da ya same ka ya samu duk wanda ya daɗe yana bugawa da aboki. Da gangan aka gina shi ba a rubuta suna a saman kan kowa, don wannan shakkar da ta kama ka ita ce zuciyar wasan.

Kuskuren ku biyun ne, ba naka kaɗai ba. Muryar cikin gem ba ta zuwa nesa, shi ya sa duk masu tafiya tare suke haɗa kira a manhajar hira ta Discord ko ta jawwal, wato wayar hannu. Mu a istiraha, wurin shaƙatawar da muke taruwa nan Jidda daren Juma'a doka ce, in ka canza ko da hula ce sai ka faɗa kafin ka motsa. Ɗamarar hannu ba ta da amfani cikin duhu.

Batun nemansa, in sabar hukuma ce ta kamfanin, babu wani mai kula da za ka roƙa ya duba maka. In ta 'yan wasa ce masu zaman kansu, nemi Discord ɗinsu, da yawa suna da wurin da ake nuna wanda ya kashe wane. Ka tuna ko ya taɓa yin rubutu maimakon magana, don a kwamfuta suna yana fitowa tare da rubutun, sai dai mutane da yawa ba sa canza sunan da gem ya ba su. Abin da ya rage maka shi ne rediyon hannu. Nemi ɗaya da batir mai 9V, ka bar shi a 87.8, nan ne mitar farko, nan mafi yawa suke barin nasu. Ka yi kira da Hausa. Wanda ba Bahaushe ba ba zai san me kake cewa ba, balle ya san inda kake.

Kayan da ka binne kuma ba sa dawwama a ƙasa. Ka riƙa tonowa kana sake binnewa, in ba haka ba wata rana ka tarar babu.

Haƙƙi kuwa, ni ban ga wani haƙƙi ba. Duk wanda ya shiga Chernarus ya san harsashi zai iya zuwa masa ta ko'ina. Kuma ka daina tsayawa a famfo a lokaci ɗaya kullum, wani zai lura da kai.

Maman_Walid ta amsa:

Ɗana, ni ban san komai a wannan wasa ba sai ihun da nake ji daga ɗakin yarona cikin dare. Amma ban yarda da maganar Alhaji na sama cewa babu komai ba. Jini dai ba a zubar ba, wannan kowa ya sani, kuma hukunci na malamai ne, ga su nan birjik a garinku, ka tambaye su. Abin da na gani shi ne bawan Allah ya same ka a wahala ya taimake ka, ya amince da kai har ya ba ka makaminsa ya juya maka baya. Mako ukun nan da ya yi, daga barcinsa ya yanko su. In zuciyarsa ta sosu, da gaske ta sosu. Don haka neman da kake yi daidai ne, in ka same shi ka ce ya yafe maka, kada ka tsaya dogon bayani.

Sai dai ina roƙonka, mai tashi aiki ƙarfe 11 ya zauna gaban kwamfuta har 2, yaya Asuba? Kai da kake maƙwabtaka da Ɗakin Allah. Ka sa wa jiran nan iyaka, rabin awa ya isa.

Zol_Gadarif ya amsa:

Salam ya Ɗan Makka. Na karanta labarinka sau biyu, kuma tun daga "ya zol" na san mutuminmu ne.

Kai ka riga ka yanke cewa fushi ya hana shi zuwa. Ni ban yanke haka ba, bari in gaya maka dalili. A unguwar Mayo nake kudancin Khartoum lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Kafin nan mu huɗu ne muke buga DayZ a shagon wani abokinmu mai gyaran kwamfuta, muna da sansani da muka gina a dajin arewa, har mota mun haɗa. Daren da muka tashi daga wasa na ƙarshe mun yi alkawarin gobe za mu je sansanin sojoji na Tisy a cikin gem ɗin. Goben ba ta zo ba. Na gudu Wad Madani da mahaifiyata da ƙannena, a Disamba nan ma ya zama ba wurin zama ba, muka wuce Gadarif wurin dangi. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a ƙasar, ka yi kwanaki ba ka san ɗan'uwanka yana raye ko ya mutu ba. Cikin mu huɗun nan, ɗaya sai bayan wata bakwai na ji muryarsa.

Saboda haka in mutuminka a cikin Sudan yake, ko a Port Sudan ne ko Kassala ko Gadarif, kwana tara ba komai ba ne. Wuta tana iya ɗaukewa ta yi kwanaki. Kuɗin intanet yana iya ƙarewa. Yarinyar tana iya yin zazzaɓi. In kuma yana nan Saudiyya kamar ni, mai aiki a ƙarƙashin wani ba shi da ikon darensa, yau a ce dawam na safe, gobe a mayar da shi na dare.

Wani abu kuma da ya taɓa ni shi ne kwalarar. A Gadarif na tarar da ita ta gaske, tun watan Satumbar 2023 aka sanar da ɓarkewarta a jihar. Na ga yadda ake ɗaukar mutum a kan amalanke. Yanzu da nake Riyad na koma buga gem ɗin jefi-jefi, kuma wallahi ba na iya wuce mai amai a bakin famfo in ina da magani a jaka. Abokan wasana Larabawa suna ce mini ɓarnar magani ce. Ina jin wanda ya sauke bindiga ya zauna da kai har amai ya tsaya, ya san abin da na sani. Irin wannan mutumin zai fahimci harbin tsoro cikin duhu, don mun ga yadda tsoro yake sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba.

Muna da zauren WhatsApp na 'yan Mai Wurno da Gadarif da Sennar mazauna nan da Masar, akwai masu gem a ciki. Turo mini sunan sabar ta saƙon sirri, da ranar da abin ya faru. Zan rubuta cewa Ɗan Makka yana neman Baban Yarinya, kayansa suna nan a ajiye. In yana cikinmu, ko wani ya san shi, zai gane.

Ɗan_Shara_Mansur ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Yaya na Hindawiyya, sabar hukuma ce, kuma bai taɓa rubutu ba, da murya muka yi komai. Maganarka ta tabbata, daren jiya wani ya harbe ni a bakin famfon, ban ma ga ta inda ya fito ba. Na farfaɗo a bakin teku kusa da garin Solnichniy, na yi tafiyar kusan awa ɗaya na koma, na samu shebur a hanya na tono jakar. Komai yana nan, Mosin ɗin da harsashi 14 da hular kwanon da ya samo. Na canza mata wuri. Na kuma samu rediyo a ofishin 'yan sanda, batir nake nema.

Mama, na ji, kuma na karɓa. Rabin awa, daga nan in kashe in kwanta.

Ɗan'uwa na Gadarif, ban taɓa kawo wannan a raina ba, kaina kawai nake ta dubawa. Allah Ya kawo muku zaman lafiya, Ya haɗa ku da waɗanda kuka rabu da su. Na tura maka saƙon. Ka ƙara da cewa daga yau ba a famfon zan tsaya ba, ina cikin gidan da ya hura mana wuta a daren farko, daga 12 zuwa 12 da rabi agogon Makka, da ɗamara mai ruwan ɗorawa, kuma hannuna babu bindiga.