Ɗiyata tana aji biyar amma ba ta iya karatu ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata tana aji biyar a firamaren gwamnati, kowace shekara ana ciyar da ita gaba da sakamako mai kyau. Tana rera darasi da ka daga farko har ƙarshe, amma idan na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya na ce ta karanta, sai ta sunkuyar da kai. A makarantar nan na yi karatu, lokacin da malaminmu yake duba littafin kowa da jan biro, shi ya sa na dage a kai ta can duk da cewa mahaifinta bai so ba, kuma har yau muna saɓani a kai. In nemi a maimaita mata aji ne, ko in cire ta?

Tsohon malami: Hajiya, kada ki bari a maimaita mata. A 2022 Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. An umarci malami ya kammala manhaja, ba ya tsaya wa wanda aka bari a baya ba, kuma sau da yawa da harshen da yaro ba ya ji a gida ake koyarwa. Ki mayar da ita kan haɗa baƙi da wasali cikin harshenta, kamar yadda ƙungiyar Pratham ta Indiya take karkasa yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba.

Wata malama: Kullum malami ake zargi. Ajina ya cika har wasu suna zaune a ƙasa, allin ma da kuɗina nake saya, albashi kuwa sai an ga dama.

Wani uba: 'Yar'uwa, ki cire ta ki kai ta makarantar kuɗi, babu abin da zai gyaru.

Tsohon malami: Alhaji, yawancinsu haddar nan suke yi, tufafin makarantar ne kawai suka fi kyau.

Mai tambaya: Malam, na gode, amma ban yarda a mayar da yarinya mai wayo kan baƙaƙe kamar 'yar aji ɗaya ba, domin ƙannenta za su yi mata dariya. Makarantar kuwa ba ta lalace kamar yadda ake faɗa ba. Baɗi za ta zauna jarabawar shiga sakandare, kuma har yanzu shugaban makarantar bai ba ni amsa kan matsalar karatunta ba.